Kalangun Baba Zubeiru

Duk wanda ya ce Hausata ta yi daɗi a rediyo, sai in ce masa ya je unguwar Zogbeli a Tamale ya gode wa maƙwabcinmu Baba Zubeiru, mai gyaran kalangu.

A Tamale aka haife shi. Ubansa ya zo fataucin goro daga Sakkwato, ya ga wuri ya zauna. Tun Baba yana yaro yake jeme fatar akuya, yana ɗaure wa makaɗan Dagomba ganguna. Ga faɗa! Ko kaza ce ta ratsa rumfarsa sai ta sha zagi.

Ni Badagombiya ce, Hausar kasuwa na iya. Da wani gidan rediyo ya nemi mai karanta labarai da Hausa, na je gwaji, aka ce in dawo in bakina ya nuna. A rubuce, kukar miya da kukan jariri duk kuka ne, ni kuwa murya ɗaya nake ba su. Na dawo ina hawaye, don aikin nan kaɗai na sa wa rai.

Baba ya tare ni a ƙofar gida. "Ke Humu, wa ya mutu?"

Na gaya masa. Ya yi tsaki. "Shi ke nan? Zo nan."

Bai taɓa yi min bayani ba. Sai ya saƙala kalangu a hammata, ya buga kalma, in bi da baki. Kukar miya, sautin ya hau ya sauko. Kukan jariri, ya tsaya a sama. In na kuskure ya ƙwanƙwasa min sandar kiɗa a gwiwa, ya ce, "Kunnenki na ado ne?" Wallahi har haushinsa nake ji. Haka muka cinye damina, kullum yana ƙara matso da kansa kusa da bakina. Ashe nasa kunnen ne ke tafiya, ban sani ba.

Na koma gwaji, aka ɗauke ni. Ranar da na fara karanta labarai, matar Baba, Iya Ayisha, ta ba ni labari cewa ya ƙure muryar rediyo, amma bai ji komai ba. Sai ya ɗora tafinsa a kan lasifika, yadda yake taɓa fatar ganga, har na gama.

Na zo na durƙusa a gabansa ina godiya. Ya daɗe yana kallon bakina.

"Kin yi sauri a ƙarshe," in ji shi. "Amma hannuna ya ji ki, 'yata."