Takalman da ban wanke ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa ko abokan ɗakina ba su sani ba. Amma na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A gidan ma'aikata na Montreuil inda nake kwana, kowa ya ɗauka sharar ofis nake yi. Gaskiyar ita ce, a gidan da ake tara karnukan da ba su da mai su nake aiki, ni ke wanke ɗakunansu. Bara zawo ya shiga cikinsu. Likitar dabbobi ta auna, ta ce ba cutar da ake yi wa rigakafi ba ce, wata sabuwa ce da ba a gama ganewa ba. Daga ranar komai sai an jiƙa shi da ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ana cikin haka aka ce gobe in tafi garin Lyon, in taya wani gidan karnuka aiki na sati biyu. Ƙafata babba ce, da wuya in samu takalmin roba daidai ni. Na jefa nawa cikin leda ina sauri, da niyyar in wanke a gida.

A benenmu famfo ɗaya ne mai faɗi, nan kowa ke alwala. Ina tsaye da ledar sai ga wani dattijo maƙwabcina.

"Ɗana, me ka ƙunso haka kamar kan rago?"

"Kayan aiki ne, Alhaji."

"To, kai da kayan aikin ku matsa, la'asar na wucewa."

Na kasa zuba ƙazantar kare inda mutane ke wanke fuska su yi salla. Na ƙara ƙulle ledar, na ce sai Lyon.

A can ban ko aje jaka ba Madam, shugabar gidan, ta tura ni ɗakin 'yan kwikwiyo. Na zura takalmin yadda yake. Akwai daron jabel a bakin ƙofa. Na tsoma ƙafa sau ɗaya na wuce. Busasshen kashin da ya maƙale a ƙasan takalmin, da yamma na gan shi.

Kwana biyar, wani jan kwikwiyo mai lanƙwasasshen kunne ya ƙi cin abinci. Sai amai, sai zawo. Na kusa da shi suka kama. Shi a hannuna ya mutu, cikin tawul.

"Ta ina abin nan ya shigo mana?" in ji Madam. Ta bi mu da kallo, sannan ta yi mini godiya a kan ɗawainiyata.

Na ji likita na cewa sabon kare daga titi ma yana iya kawo cutar. Ina maimaita wa kaina wannan, amma ba ya zama a raina.

Yanzu sun sake kirana Lyon wata mai zuwa. 'Yan uwa da kuka yi karatun dabbobi ko na ƙwayoyin cuta, don Allah ku sanar da ni: irin wannan ƙwaya tana kwana da rai a busasshen kashi cikin leda? Tsomawa ɗaya a jabel tana kashe ta? Kada ku lallashe ni. In takalmina ne, zan faɗa wa Madam kafin in shiga jirgi, ko da aikin zai tafi.