Magen Hajiya da sifikar Baba

Ina durƙushe a tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai, na cusa hanci cikin akwatin sifika ina shinshinawa, sai ga ƙanina Nura ya shigo yana min dariya.

Magen Hajiyarmu ce ta tsula wa sifikar fitsari. Da ita Hajiya ke sauraron karatun Alƙur'ani tun da idonta ya yi rauni, amma daga ranar ta ce ba za a ƙara sa karatu cikin abin da ke da najasa ba. Ɗakinta ya yi tsit.

"Yaya, ki jefar kawai a sayo mata sabuwa," in ji Nura.

Hajiya ta amsa daga ɗaki: "Sabuwar ma marigayi babanku ne zai sayo min?"

Nan na ƙudurta sai na raba sifikar nan da zarni. Turaren wuta na fara gwadawa, warin ya ƙara muni. Sai na cire yadin gabanta na wanke da ruwan kal, na goge katakon da tsumma mai ɗanshi, ban bari ruwa ya taɓa takardar ciki ba. Na zuba gawayi a akwatin na ajiye a inuwa. Zarnin ya ragu amma bai tafi ba, na sake, na kuma sakewa.

Yau da safe Hajiya ta daɗe tana shinshinawa da kanta, sannan ta ce, "Kunna."

Wallahi wani abin ba shi da madadi a kasuwa. Ku mene ne naku a gida da ba za ku iya jefarwa ba?