Karen da Yaya ya yanke

A shekarun tsuke bakin aljihu ina koyarwa a wata firamare a Kabo, kullum in taso daga gidanmu na Gwarzo a kan babur ɗin da turinsa ya fi hawansa yawa. Alli ma sai an karya an raba. Ana cikin haka aka kawo mana kwalin littattafai, wai kyauta daga ƙasar Turawa. Hedimasta ya buɗe ɗaya, ya jujjuya, ya miƙo mini tunda ni ne malamin Turanci. Baƙaƙen boko ne sarai, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. A ƙasan kwalin muka tsinci ɗan ƙamus, shi ya gaya mana Welsh ne, yaren wani yanki na Birtaniya. Hedimasta ya ce in kwashe su, garar da ke ofishinsa ta ishe shi.

Ba son ilimi ne ya sa na fara karanta su ba, gajiya ce. Ka dawo gida ba kananzir, ba sabulu, rediyo kuma ba abin da yake cewa sai a ƙara haƙuri. Sai in zauna a gindin dalbejiya bayan la'asar da ƙamus a cinya. Littattafan yara ne masu hotuna: wani yaro da ƙanwarsa da karensu, yau sun ɓata a kan dutse cikin ruwan sama, gobe suna bin sawun ɓarayin tumaki. Da farko shafi ɗaya kan cinye mini mako. Ban taɓa jin wani ya furta yaren ba, da bakin Bakano nake karanta shi, na kuma san in mai yaren ya ji ni sai ya riƙe ciki don dariya. Shekaru suka ja, na rage buɗe ƙamus. A duk abin da na mallaka, littattafan nan ne kawai ba sa ƙarewa kafin wata ya mutu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya shiga gyaran gidansa, wasu har da na maƙwabci. Magana ta fara yawo cewa malamin boko yana ɓoye da littattafan mishan a wani baƙon yare. Yayana, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, ya daina cinye tuwonsa. Ya ce gara mu kai su wurin liman da kanmu.

Muka same shi a zaure da dattawa.

"Malam, karanta mana mu ji," in ji liman.

Na ɗauki ɗaya ina fassarawa. Ban yi nisa ba wani tsoho, jikan makiyaya, ya katse ni. "Dakata. Aka kore tumaki duka, shi yaron yana ina? Barci yake?"

Aka bushe da dariya. Liman ya ce ba komai a ciki, tatsuniya ce. Ya karɓi littafin ya duba hotunan, yana rufe shi ya ƙara da cewa, "Sai dai karen nan ya cika yawa. Ga shi har kan gadon yaro yana lasar fuskarsa."

Faɗa kawai ya yi, bai umarci kowa ba. Amma Yaya ya ji.

Washegari da na dawo daga Kabo ya kira ni ɗakinsa, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka an jima. Ga littattafan a jere a kan tabarma, an goge musu ƙura. Gefe guda ga sabuwar reza da tarin karnuka na takarda. Ya bi shafi-shafi ya yanke karen, a tsanake, bai ko taɓa hannun yaron ba.

"Yanzu ba mai sake cewa uffan," ya ce. "Riƙe abinka."

Na ɗaga shafi ɗaya, ina hango tabarma ta cikinsa.

"Yaya, bayan kowane hoto ai akwai rubutu."

"Na gani. To ba ka haddace ba? Shekara nawa kana bita?"

Da gaske yake tambaya. A wurinsa, wanda ya daɗe haka a kan littafi ya zuba shi a ka, takarda ta zama ta tunatarwa kawai. Ni kuwa ban haddace ko layi ba. Akwai ma littattafai biyu da nake ta tattali, ban kai gare su ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa. Mutumin ya bar gonarsa yini guda saboda sunana. Na dubi yatsansa da reza ta yanka, ya ɗaure da tsumma. Na durƙusa na tattara littattafan, na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."