Daren da Yaya Ya Ce da Sauƙi

Har yau in mutum ya ce mini "da sauƙi", sai na sake tambayarsa, kuma ba da fara'a nake sake tambayar ba. A asibitin da nake aikin jinya a Birmingham, in aka kawo Bahaushe ni ake kira in yi tafinta, kuma na sha ganin wanda yake murƙususu a kan gado yana gaya wa likita da sauƙi. Ƙafar yayana ce ta koya mini tsanar wannan kalma.

Shi ya kawo zancen tafiyar. Yana zaune a unguwar Cheetham Hill ta Manchester da iyalinsa, yana digiri na uku a jami'a, ni kuma ina unguwar Handsworth ta Birmingham. Wasu ɗalibai Musulmi ne suka shirya hawan wani dogon dutse a Maroko, kwana huɗu, ana kwana a tanti. Na ce zan je, don na gaji da ganin bango. Da aka turo jerin kayan da za a saya, na kira shi na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan buhun barci, wato bargon nan mai zif da mutum yake shigewa ciki. Na ce lallai ya sayi mai kauri, na ƙanƙara.

Ya yi dariya. "Auta, Maroko fa Afirka ce. Wane sanyi za a nuna wa wanda ya shekara uku a Manchester?"

Na ce, "Yaya, ba ƙasar ba ce, tsayin ne."

Ya ce to, irin "to" ɗin da babba yake ce wa ƙarami don a rufe magana. Ya shiga wani ɗakin ajiyar kaya na 'yan sari a bayan layinsu, ya ɗauko wani sakayau da ko a falo ba zai hana ka rawar sanyi ba. Ban ga buhun ba sai da muka riga muka hau.

Dare na uku ne muka kai zango mafi tsayi. Tun kafin rana ta faɗi numfashi ya fara wuya, taku goma sai ka tsaya. Tana faɗuwa kuwa sanyi ya sauko gaba ɗaya. Ruwan gorata ya daskare a gefen jaka. Mai mana jagora, wani dattijo ɗan yankin, ya tara mu ya yi bayani da Turanci: a sa busasshiyar safa, a cire takalmi kafin a kwanta, a cika gora da ruwan zafi a shiga da ita buhu, kuma duk wanda yatsunsa suka dame shi ya faɗa nan take.

Aka zo sallar magariba, Yaya ne liman tun farkon tafiyar. Kowa ya dafa dutse ya yi taimama. Shi kuwa sai ya nufi wani ɗan rafi da bakinsa ya riga ya yi ƙanƙara, ya cire takalmi da safa, ya yi cikakkiyar alwala har da tsefe yatsu. Ina kallonsa, raina yana tafasa. Yaron da ya yi wata uku a Islamiyya ya san an yi rangwame a irin wannan hali, kuma Yaya ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Samarin nan ne suke ce masa Malam, shi kuma ba ya so su ga Malam ya ji tsoron ruwa. Ya mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya ɗaure takalmi tamau, ya ja mu salla.

Bayan isha dattijon ya bi tanti-tanti yana tambaya. Tantina da na Yaya taku huɗu ne tsakani, ina jin komai. Ya tambaye shi yaya ƙafa, Yaya ya ɗauki "da sauƙi" ɗinmu ya juya masa da Turanci, ya ce "better". Bawan Allah ya ji an ce abu ya yi dama, ya wuce. Ina zai san cewa mu ko a bakin kabari haka muke amsawa?

Ni dai ban runtsa ba. Na sa riga uku, na ɗaure kai da gyale a ƙarƙashin hula, na matse gorar ruwan zafi tsakanin cinyoyi. Abokiyar kwanana, wata 'yar unguwar Lozells ta Birmingham, muka haɗa baya muna ɗumama juna, haƙoranta suna kaɗawa. Raɓar numfashinmu ta daskare a rufin tanti, in iska ta kaɗa sai ta zubo mana a fuska. Can tsakar dare na ji Yaya yana juyi, yana wani nishi ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Yaya, yaya sanyin?"

Ya ce, "Da sauƙi."

"Ka cire takalmin?"

"Ki yi barci, Auta."

Aka jima nishin ya daina. Na sake kira, ya ce, "Yanzu kam da sauƙi sosai, zafin ma ya tafi." Kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na san abin da ake nufi in yatsa mai raɗaɗi ya yi shiru a cikin sanyi. Na sani sarai. Na kai hannu kan zif ɗin tantina, sai na tsaya ina tunanin yadda zan kutsa makwancin yayana da tsakar dare, ga wani namiji kwance a gefensa, in ce ya miƙo ƙafa. Kunya ta riƙe ni. Na janye hannuna na koma cikin buhu, na ce wa kaina ai ya ce da sauƙi.

Da asuba ya fito zai ja salla, ya taka ya faɗi. A nan kunyar ta ƙare. Na zaunar da shi a kan dutse, na kwance takalmin da kaina, safar ta yi tauri kamar busasshiyar ganda. Yatsun ƙafar dama sun yi fari fat, na danna ba su motsa ba, shi ma bai san na taɓa ba. Na ɗaga rigunana zan sa ƙafar a cikina don ta ji ɗumi, wai sai ya janye.

"Haba Auta, mutane na kallo."

Na ce, "Su kalla. Wallahi ka sake janye ƙafar nan sai na tara maka jama'ar da ta fi wannan."

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na gaya masa girman kai ne, ba tsoron Allah ba. Na gaya masa da ya buɗe baki ya ce "ina jin ciwo", kalma uku, da an cusa shi tsakanin mutum biyu an ba shi gorar ruwan zafi. Dattijon ya tsaya a kanmu yana ta maimaita cewa ai ya tambaye shi, ya ce masa better. A kan alfadari aka sauko da shi.

Da muka dawo Manchester likitoci suka ce sai an jira, naman da zai rayu zai nuna kansa. Mako shida ina hawa bas daga Birmingham duk ranar hutuna, in wanke, in naɗe, in duba launi. Wasu yatsun suka dawo ja, suka yi ƙaiƙayi, na yi hamdala. Wasu suka yi baƙi suka ƙanƙance. A hanyar komawa nakan zauna a kujerar baya ina zaginsa a zuci, in na gaji in juyo kan kaina, domin taku huɗu ba nisa ba ne.

Ranar da aka cire bandeji bayan tiyata ina gidan. Yana zaune a falo ya miƙe ƙafa a kan matashi, sai 'yarsa mai shekara huɗu ta zo ta durƙusa. Kwanan nan ya koya mata ƙirga da Hausa, komai ta gani sai ta ƙirga, da harshenta na 'yan Manchester. Ta fara daga ƙafar hagu, ɗaya, biyu, uku, har biyar, ta tsallaka dama, ta tsaya a takwas. Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Sorry, Baba," don ta ɗauka ita ce ta yi kuskure. Ta koma kan babban yatsa ta sake farawa daga ɗaya.