Aiken da Yaya Malam Ya Yi Mini zuwa Lyon

Maraɗi zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Talata na fito daga gida da balis biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya cike da yaji da kuka da daddawa na tsaraba. A tashar kar, wato babbar bas, na tarar da yayana Malam Isufu tsaye yana jirana. Gabana ya faɗi, don Yaya ba mutumin rakiya ba ne. Ya ja ni gefe ya nuna mini wani ɗan bidiyo a salula: ɗansa Lawali, wanda muka tura Lyon karatun haɗa magani, tsaye da makirfo, Turawa na ta ƙyaƙyata dariya. Yaya ba ya jin Faransanci, dariyar kawai ya ji.

"Rakiya, in kin gama sarin kayanki ki tahi ki gano mini yaron ga. An ce ɗan kama ya zama. In gaskiya ne, ki hwaɗa mishi ba ni ba shi. Abin da kika gani da idonki, da shi zan yi aiki."

"Yaron ga" shi ne Lawali. Ɗan fari ne, kuma shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Gidanmu kuwa gidan malamai ne. A wurinmu ɗan kama shi ne mai ɗaura rawanin ƙarya yana kwaikwayon malamai da waƙar tuwo da nama don a jefa masa wani abu. Ni aka zaɓa saboda na koyar a firamare shekaru kafin in shiga sarin shadda, Faransanci ba ya ɓace mini.

Kar ta tashi ƙarfe biyar. Muka karya a Ƙonni, jandarmomi suka duba katinmu sau huɗu, muka shiga Yamai bayan la'asar. Kilomita ɗari shida da wani abu, ban runtsa ba.

Paris

Daga Yamai jirgi ya bi da mu ta Kazabalanka, muka sauka Paris ranar Jumma'a da sha ɗaya da minti ashirin na safe. Ɗan sandan filin jirgi ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce sari da ziyarar ɗa. Ya buga hatimi. Na sauka a La Courneuve wurin ƙawata Hajiya Mariyama 'yar Tawa, hawa na tara, ta tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa.

Asabar da safe muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba huɗu zuwa Château Rouge. A nan, a shagon wani Alhaji ɗan Kano da na saba saye wurinsa, abin ya fara fin ƙarfina. Ina cikin taya shadda na ɗaga kai na ga hoton Lawali manne a gilashi, baki har kunne.

"Alhaji, wannan hwa?"

"Au, kin san shi? Ai yaron nan ya kusa kashe ni da dariya watan jiya. Har iyalina na kai."

"Ɗan yayana ne."

Ya rage mini kuɗin shadda don murna. Na zo da fatan a ce sharri aka yi wa yaro, ga shi har an manna shi a kasuwa.

Cikin jirgin ƙasa

Lahadi ƙarfe tara Lawali, da ya taso daga Lyon don ya ɗauke ni, ya same ni a gar, wato tashar jirgin ƙasa, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Sai da jirgi ya ɗauki gudu, gonaki na wucewa kamar ana jan tabarma, na tambaye shi. Bai musa ba.

"Gaskiya ne, Gwaggo. Da safe ina farmasi, da marece ina wanga. Yau ma za a ɗauki wasana gaba ɗaya, awa guda, a sa a intanet."

"Kuma ubanka ya gani."

"Na sani."

Na yi masa tatas, har wata tsohuwa ta waiwayo. Ya bari na gama, sannan ya shiga yi mini lacca. Wai sunan abin sitandap. A Amurka ya girma, a ɗakunan shaye-shaye, inda ake sa mutum guda ya riƙe jama'a da zance kafin mawaƙa su fito, har masu zancen suka zo suka fi mawaƙan kasuwa. Ba ganga, ba ɗan amshi, ba kayan wasa. Da ya ƙetaro Faransa, 'ya'yan baƙi na unguwannin bayan gari ne suka rungume shi, don nan ne kawai ake yin shiru a saurare su.

Na ce, "Duk wanga dogon tarihi, ɗan kama ne dai da kwat."

Ya yi dariya ya sa mini abin ji a kunne, ya ce in ga bidiyo guda uku da yake ba duk mai son fahimtar sana'ar. Na farko wani baƙin Ba'amurke ne, an rubuta fassarar maganarsa a ƙasa. Minti biyu na cire, ashar ɗin da ya zuba ko a tasha ban taɓa jin irinta ba. Ta biyu wata Balarabiya ce haifaffiyar Marseille tana kwaikwayon yadda uwarta ke ciniki, uwar kuma na zaune cikin mutane tana tafi. Wannan ya fi ashar ɗin girgiza ni. Na uku wani ɗan Kwaddibuwa ne yana ba da labarin rakiyar gawar kawunsa gida. Na tsinci kaina ina dariya a kan gawa, na yi istigfari na miƙa masa abinsa. Awa biyu cif muka shiga Lyon.

Lyon

Bas ta kai mu Rillieux-la-Pape inda yake haya. Ɗaki tsaf, darduma a shimfiɗe, hoton ubansa a bango. Na duba ko'ina da idon maitiras, tsohuwar malamar aji, ban ga kwalba ba. Ya dafa mana dambu da yajin da na kawo.

Ƙarfe shida da rabi na yamma, rana tana nan kamar la'asar, muka isa wurin wasan, wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa mai cin mutum ɗari da 'yan kai. Lawali ya nuna mini wata kujera can baya kusa da ƙofa, ya shige ciki. Raina ya ɓaci. Ni, ƙanwar ubansa, da na taso tun daga Maraɗi, a ajiye ni wurin takalma? Na hango layin gaba babu kowa, na ce lalle na manyan baƙi ne. Na gyara lafaya, na taka a hankali, na zauna tsakiya.

Ashe gudun layin ake yi. Wanda ya zauna gaba shi ne naman masu wasa. Wata siririyar Baturiya da ta fara fitowa ta kafe ni da ido ta ce, "Madam, bikin wa aka gayyace ki?" Ɗaki ya ɗauka da dariya. Ta tambayi sana'ata, na ce na koyar da yara marasa kunya irinta shekara da shekaru. Aka yi ta tafi, wai na iya. Ni kuwa da gaske nake, kuma da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai ga Lawali. Da ya gan ni a gabansa, makirfon ya kusa suɓuce masa. Ya fara, kuma da ubansa ya fara.

Ya ce shi ubansa bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" yake ce masa, ko "yaron ga", ranar da aka ji daɗinsa kuma "wancan". Ya ce akuyar gidansu tana da suna, Baba na kiranta. Ya kwaikwayi ranar da Yaya ya je lakwal, makarantar boko, ɗaukarsa, malamin aji ya ce wane yaro, Yaya ya tsaya yana nuni da haɓa har aka miƙo masa ɗan maƙwabta. Muryar Yaya ce sak, har gyaran murya da jan carbi. Mutane na riƙe ciki don dariya. Asirin gidanmu ne ake sayarwa a ramin ƙasa, kuma abin takaici, sau biyu dariya ta ƙwace mini.

Can ya sassauta murya. Ya ce a garinsu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa, don kunya ba ta barin uba ya nuna. Ya ce lokacin da ya kwanta asibiti a nan, ubansa ya kira sau goma sha ɗaya a yini guda, kowane kira cewa yake a duba masa ko "mutanen Lyon" sun ci abinci. Ya ce shi kaɗai ne mutanen Lyon. Ya ce ya san wannan duka, amma da zai ji sunan sau ɗaya daga bakin nan, da ya huta. Baturen da ke bayana yana jan hanci, ni ma lafayata ta jiƙe.

Da muka fito ya ce, "Gwaggo, mi za ki ce mishi?"

Na ce, "Abin da na gani. Sa mini shi duka a salula."

Komawa gida

Talata na koma Paris na ɗaure kayana, Alhamis na tashi, Asabar da la'asar kar ta sauke ni Maraɗi. Ban ko kwance balis ba na wuce gidan Yaya. Na same shi a zaure shi kaɗai.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Yaya. Kuma da kai yake wasan."

Fuskarsa ta ɗaure. Na ce tunda da idona ya ce zai yi aiki, to ga abin da idon ya gani. Na kunna, ina fassara masa jimla bayan jimla, ban rage ko akuyar ba. Wurin ɗan maƙwabta ya ce, "Ba haka aka yi ba," amma gemunsa na motsi. Da aka zo kan mutanen Lyon carbin ya tsaya a hannunsa. Bidiyo ya ƙare, na fara jin tsoron na kashe yaron da hannuna.

Sannan ya ce, "Akwai ƙarya a ciki."

"Wace?"

"Ya ce ban taɓa hwaɗi ba. Wa ya yi mishi huɗuba ranar da aka haihe shi? A kunnenshi na dama na hwaɗa, shi ne bai riƙe ba." Ya juyar da kai wajen bango yana gyara hula. "Ki ce mishi in zai sake yi, ya gyara wurin."

A ƙofar zauren na kira Lyon na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Lawali ya ce in sake faɗa masa, na sake.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hajiya Mariyama da masauki. Wanda kuma zai shiga irin ɗakin nan, ya zauna inda aka nuna masa.