Ɗan Farin Ramatu

Duk wanda ya san Sumani a unguwar Morris Heights ta Bronx, can Amurka, da abu biyu ya san shi, ninkin zanen gado da sanin dangi. Na farkon shi ne abincinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana hawa jirgin ƙasa mai lamba huɗu da sassafe ya tafi wani asibiti, ya sauka can ƙarƙashin gini inda injinan wanki suke ruri, ya yini yana haɗa kusurwa da kusurwa. Na biyun kuwa ba wanda ya ɗora masa, shi ya ɗauko wa kansa tun yana saurayi a zangon Kumasi. In ana gardamar wane da wance 'yan wa da ƙani ne ko zaman gida ɗaya kawai suka yi, sai a ce a kira Sumani. Zai ɗan dubi sama, sannan ya jero maka iyaye da kakanni kamar mai biya hadda.

Matarsa Hussaina ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga nan komai ya daina yi masa ɗanɗano. Ba kuka yake yi ba, ba ciwo yake ba. Yana cin abinci don lokacin ci ya yi, yana amsa gaisuwa don an gaishe shi. Daga shi sai 'yarsa Hanan a hawa na biyar, ita tana karatun jinya, yana yi mata Hausa tana mayar masa da Turanci. In ta tambaye shi ya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhali babu wanda ya ce ba shi da lafiya.

Ana cikin haka Alhaji Umar Faruk ya kira shi. Alhaji shi ne babban dangi a Amurka, sa'an mahaifin Sumani ne, yana da shagon garin rogo da busasshen kifi a bakin titi. Ya ce bana shekara ɗari cif da kakansu Ɗanjuma Mai Goro ya sauka Kumasi da matarsa Ramatu, don haka za a yi taron zuri'a a watan Agusta, na gida su yi a can, na Bronx su yi a filin shaƙatawa na bakin kogi. Mutumin Ghana kuwa ba ya yin taro bai buga atamfa ba, ko da taron mutum goma ne. Wannan karon ana so a buga bishiyar zuri'ar gaba ɗaya a jikin atamfar, kowa ya sa ya nemi sunansa. Sumani ne zai zana, a aika Accra cikin mako uku.

Aikin bai ba shi wahala ba. Ya sayi babbar takarda ya shimfiɗa a teburin cin abinci. Ɗanjuma da Ramatu a gindi, rassa huɗu a sama, kuma reshe na farko shi ne Abdul-Razak, kakan Sumani, ɗan farin gidan. Mutum arba'in da ɗaya ne a wannan reshe, har da shi da Hanan.

Zancen cewa Abdul-Razak ɗan fari ne, ba wanda ya taɓa neman shaida, don duk zango ya gani da idonsa. Sumani ya riski Ramatu tana tsohuwa tukuf, haƙori ɗaya babu, amma in Abdul-Razak ya shigo gaishe ta, shi ma da furfurarsa, sai ta kau da kai ta shiga gyara tsintsiya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana son aika masa saƙo sai ta ce, “Ku gaya wa wancan.” Har wani mai sayar da burodi da ya yi rashin sa'a sunansu ɗaya, Mai Suna take ce masa. Irin alkunyar da mace take yi wa ɗanta na fari ke nan, kuma Ramatu ta yi ta har ta wuce misali.

Abu ɗaya ne kawai Sumani bai sani ba, garin da aka haifi kakan nasa, tun da da shi suka iso Kumasi. Ran Lahadi bayan azahar ya kira Hajiya Iyatu, autar Ramatu, wadda ita kaɗai ta rage a 'ya'yan, shekararta casa'in. Kaka ce gare shi, don haka ba a gaisuwa sai da tsiya.

“Mijin banza,” in ji ta. “Ka tafi Amurka ka bar ni ko sabulu.”

“Ai kin tsufa ne, Hajiya, na yi sabuwa.”

Ya faɗi haka ne don haka ake faɗa. Sannan ya yi mata tambayarsa, yana jin kukan akuya a bayanta.

“Rubutawa za ka yi?”

“A atamfa ma za a buga.”

“To, kashe rediyon nan,” ta ce da wani a ɗakin. Sannan ta dawo kansa. “Inna ba ta haifi Yaya ba.”

Ta ba shi labarin yadda Ramatu ta ba ta shi kwana uku kafin ta rasu. Kafin Kumasi, Ɗanjuma ya yi shekara biyu a wani ƙauyen ƙabilar Asante yana sayen goro wurin wani manomi mai suna Yaw. Matar Yaw baƙuwa ce daga arewa, ta mutu ta bar yaro ɗan shekara biyar, Kwabena. A can kuwa ɗa na dangin uwa ne, ita kuma ba ta da kowa a ƙauyen. Yaron ya liƙe wa Ramatu a bakin murhu, lokacin ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ranar da za su tashi Yaw ya kawo shi da zane ɗaya ya ce su tafi da shi. A hanya Ɗanjuma ya raɗa masa Abdul-Razak.

“Ranar da suka shiga zango,” in ji Iyatu, “mata suka taru suna tambayarta sunan yaron. Sai ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗa. Shi ke nan, suka ce ai ɗan fari ne. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, mijina. Bakinta kawai ta kama, shekara hamsin da shida. Ta ce mini tana son ta kira sunansa ko sau ɗaya, amma ta san ranar da ta kira shi za a fara tambaya.”

Sumani ya ce to. Ya yi mata godiya, ya ce ta gaida mutanen gida. Da ya ajiye wayar sai ya tsaya yana jiran abin da zai ji a ransa, kamar mai jiran bas. Babu abin da ya zo. Ya wanke kofin da ya sha shayi, ya kife shi, ya goge tebur a gefen takardar.

Mai wayo da ya bar zancen nan a cikinsa. Amma Sumani mutum ne da in kusurwar zane ta karkace sai ya warware ya sake, ko da kuwa a kan zanen za a yi amai nan da awa ɗaya. Ran Talata daga wurin aiki ya zarce shagon Alhaji, ya jira masu sayayya suka ragu, ya faɗa masa komai a tsaye tsakanin buhunan shinkafa.

Alhaji ya cire tabarau ya riƙe. “Wa ya aike ka, Sumani?”

“Ba kowa, Baba.”

“Da ba ka gaya mini ba, da ba ruwana. Yanzu ka sa na sani.” Ya daɗe yana murza goshi. “Ta shayar da shi?”

“Shekararsa biyar lokacin.”

“To ka gani. Kai ma ka yi karatu, ka san an ce a kira ɗa da sunan ubansa. Ba zan sa a buga Abdul-Razak ɗan Ɗanjuma a jikin mutum ɗari uku ba, ina sane. Amma wallahi ba mai korar ku. Baba Razak shi ya biya mini kuɗin makaranta. Ka sa su a gefe, da sunan ubansa, ka rubuta riƙon Ramatu ne.”

Alhaji ne ya yi hawaye, ba Sumani ba. Shi dai ya ce to, ya sayi barkono ya tafi gida.

Kwana biyu ya yi yana goge reshen. Ya sake zana bishiya mai rassa uku, ta fito sambal. Can ƙasa, a bakin takardar, ya ja layi ya rubuta Kwabena ɗan Yaw, wanda aka fi sani da Abdul-Razak, riƙon Ramatu. Ya jera sauran a ƙarƙashi da ƙananan haruffa don su samu wuri, mahaifinsa, shi kansa, Hanan. Da Hanan ta ji labarin cewa ta yi abin ya burge ta, ashe su ma suna da jinin Asante. Ya ɗauki hoton zanen ya aika Accra, ya aika wa Iyatu. Amsarta ta zo a saƙon murya, babu tsiya a ciki ko kaɗan. Ta ce ta gaya masa ne don ya sani, ba don ya kwashe musu kaya ya fitar tsakar gida ba. Ya saurara sau biyu a cikin jirgi, sannan ya mayar da wayar aljihu saboda tasharsa ta zo.

Atamfar ta iso farkon Agusta, shuɗiya mai ratsin ruwan goro, ta yi kyau ƙwarai. Bishiya a tsakiya, jerin su Sumani kuma ya kwanta a bakin yadin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Aka kwashi na Bronx duka aka kai wa Oumarou, wani tela ɗan Nijar a unguwar University Heights, ya yi kwana goma yana taka keke ba ɗaga kai. Ba wanda ya ce masa komai game da bakin yadin, shi kuma bai tsaya karatu ba. Sumanin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana juya ƙyalle a hannu bai tuna ko sau ɗaya ba cewa bakin yadi shi tela yake fara kalmashewa.

Safiyar taron Hanan ta fito daga ɗaki da zanenta a hannu tana juya shi. Ta ga sunan Alhaji, ta ga na 'ya'yansa, ta ga na wata jaririya da aka haifa bara a Tamale. Ta ce, “Baba,” sannan ta ƙarasa da Turanci, wai ina nasu yake.

Ya karɓa ya shafa bakin zanen da babban yatsa. An ninka shi sau biyu an ɗinke tsaf, ɗinki mai kyau, sai kawunan wasu haruffa ne suke leƙowa daga ƙarƙashin zare. Ya ce ta kawo masa reza. Ya zauna a bakin kujera ya ɗora zanen a cinya, ya shiga tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Hanan ta ce za su makara, ya ci gaba da tsinka. Sunayen suka riƙa fitowa a yamutse, allura ta huda wasu ta tsakiya. Ga Kwabena ɗan Yaw, ga mahaifinsa, ga shi, ga ta. Ta ɗaura zanen haka nan, bakinsa yana zubar da zare a kan ƙafarta.

Sai ta nuna rigarsa da ke rataye a jikin ƙofa, ta miƙa masa rezar.

Ya ɗauko rigar ya juya bakinta, ya juya hannuwa, ya duba cikin aljihu. Rigar maza ba ta bukatar faɗin yadin duka, Oumarou ya datse bakin ya zubar tare da sauran ƙyallaye. Sumani ya tsaya da rigar a hannu, kuma a karon farko cikin shekara biyu wani abu ya yi masa ciwo sosai, har sai da ya dafa ƙofa. Ba wanda ya cire shi. Shi ya goge, shi ya kai kansa bakin yadi.

“An yanke,” ya ce.

Ya zura rigar, ya sa hula, ya ce ta ɗauko kular shinkafar su tafi.