Gwaggo da Wasan Kwashe Shanya

Gwaggona, yayar babanmu, shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofis kafin ta ajiye aiki. Abokan aikinta Yatsa-Goma suke kiranta, don in tana bugu ko kallon madannai ba ta yi. A ɗakinta, kan teburin da ke gindin taga, akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ruwan ƙasa, irin wadda ake jona wa talabijin, wasanninta kuma a kaset suke zuwa. A hannun wani mai gyaran rediyo ta saye ta tun ba a haife ni ba.

Mu duk tarkace muka ɗauke ta. Babanmu yakan ce, "Yaya, abin nan fa ya girmi 'ya'yana, ki bar shi ya huta." Sai ta ce, "Kai ma ka girme su, wa ya hutar da kai?"

Ranar da na fara zama na kalla, magani na kai mata. Ta sa kaset, na'urar ta kama tsuwa kamar gyare, sai da aka yi minti biyar cur hoto ya fito: wani ɗan kwalekwale yana kauce wa duwatsu a kogi. "Wannan tsohon yayi ne, ya shekara arba'in," in ji ta. Ta kai shi gaci ko dutse ɗaya ba ta taɓa ba, tana yi tana tambayata lafiyar maigidana.

Sai ta jawo wani kaset sabo fil. "Wannan kuwa bana ya fito."

Na ce, "Gwaggo, wa ke ɓata lokacinsa yana yi wa wannan abu sabon wasa?"

Ta ce akwai su da yawa a ƙasashe daban-daban, likitoci, direbobi, tsofaffin malamai, har gobe suna rubutawa suna aika wa juna ta gidan waya. Na juya kwalin. Ƙasan zanen wata mata mai kwando, an rubuta Yatsa-Goma.

Ashe tun tana aiki take kwafar umarnin wasanni daga mujallu lokacin hutun rana, layi bayan layi. Harafi ɗaya ya kuskure, komai ya tsaya cak. Garin neman kuskure ta gane aikin kowane layi. Da ta bar ofis, shekara biyu ta yi tana rubuta nata da fensir kafin ta buga.

A wasan, mace ce ke kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Hadari na tahowa ta hagu, iska na fizgar kaya, ga akuya tana jan gefen zani. Na gwada, riga uku kacal na tsira da su. Gwaggo ta yi dariya har da tari.

"Duk wannan, 'yata, wurin da ya ci bai kai na hoto ɗaya a wayarki ba," in ji ta. "Sai da na yanke wa akuyar wutsiya kafin ƙarar tsawa ta samu wurin zama."

Bayan wata biyu ta kira ni in karanta mata wasiƙa, don idonta ya fara rauni. Wani tsohon direban jirgin ƙasa ne ya rubuto daga nesa. Ya ce ya kai mataki na ashirin a wasanta, sai ya ga hadari ya watse, rana ta fito, har ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani. Ya haɗo da hoton talabijin ɗinsa, rana rawaya a tsakiya.

Gwaggo ta daɗe riƙe da hoton dab da fuskarta. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ni na sa ranar nan a ciki, amma ban taɓa kaiwa gare ta ba."

Ta miƙo mini biro. "Rubuta masa. Ki gaishe shi da iyalinsa, sannan ki tambaye shi ta ina ya bi a mataki na sha bakwai."